Daga Sojan Napoliyon Zuwa Baraden Kartaj: Nazarin Aikin Wata Biyar a Kan Dawakin Roba 24

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani gari da ke tsakiyar Ingila. Haifaffen ƙasar Katsina ne, ya ba shekara 40 baya, kuma ya fi shekara goma a can. Ɗansa ne ya fara jan sa zuwa wani kulob na masu wasan yaƙin kan tebur, waɗanda ke haɗuwa kowace Laraba da daddare a ɗakin taron unguwa. Yaron ya yi wata shida ya gaji ya koma ƙwallo, uban kuwa ya liƙe.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ana shimfiɗa tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a jera ƙananan mutum-mutumin soja da aka yi wa fenti da hannu, a auna tafiyarsu da tef, in an yi arangama a jefa ɗan lido ya raba gardama. Girman da aka fi yayi shi ne milimita 28, wato kusan kashi 1 cikin 56 na girman mutum. Sojojin a wargaje suke zuwa cikin kwali, kai daban, hannu daban, doki rabi biyu, mai su ne zai yanko ya haɗa da gam. Da yawa daga kamfanonin da ke yin su a Notingham da kewayenta suke.

A ƙarshen Satumba kulob ɗin ya tsayar da shawarar sake buga yaƙin Zama a Asabar ta ƙarshe ta Fabrairu. An gwabza wannan yaƙi a shekara ta 202 kafin Miladiyya, a cikin ƙasar Tunisiya ta yau, tsakanin Hanibal na Kartaj, tsohon birni mai daula a gaɓar tekun wannan ƙasa, da Sikifiyo na Rum. Wannan karo ne kuma ya karya Kartaj a yaƙin da aka faro tun 218. A yaƙin Kanne da aka yi a Italiya, shekara ta 216, Hanibal yana da mahaya kusan 10,000, Rumawa kusan 6,000, kuma da doki ya rufe musu baya. A Zama reshe ya juye da mujiya, domin Masinisa, sarkin Numidiya da ke maƙwabtaka da Kartaj, ya koma wajen Rum da mahaya 4,000. Masanin tarihin nan Bagirke, Polibiyus, ya ce Hanibal ya sa giwaye fiye da 80 a gaba, Numidiyawan da suka rage masa a hagu, mahayan Kartaj a dama.

Waɗannan ɓangarori biyu aka ɗora wa mutuminmu: mahaya 12 masu sulke na Kartaj, da Numidiyawa 12.

Abin da ke hannunsa a lokacin shi ne kwali biyu na sojan dokin zamanin Napoliyon, doki 26 da mahayansu, waɗanda ya saya fam 15 a teburin gwanjo na wani baje koli. Sai jaka guda cike da rarar kawuna da hannuwa da garkuwoyi, da dakaru 20 da bai haɗa ba, ragowar rundunar ƙasa ta Kartaj da ya haɗa a shekarar da ta gabata. Akwai kwalayen mahayan zamanin da na sayarwa, kowa a kulob ya sani. Ya ce ba zai saya ba, ga kuɗin ɗumama gida na hunturu yana tafe, sannan a faɗarsa, doki doki ne.

Oktoba, mako na 1 da na 2: sauya kai

Ya fara da gwaji a kan mahaya uku. Ya yanke kawunansu ya dasa masu kwalkwalin Girkawa, ya cire hannun takobi ya sa mai mashi, ya manna zagayayyiyar garkuwa a hagu. Kowanne minti 40.

Zaɓen kayan Girkawa ba da ka ya yi shi ba. Rumawa sun rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, abin da ya tsira na siffar sojanta kaɗan ne, shi ya sa masu wannan wasa suka saba gina mahayanta a kan fasalin Girkawan zamanin. Akwai dalili a ciki. Kartaj ta daɗe tana cuɗanya da Girkawa a tsibirin Sisili, da yaƙi da ciniki, har wani Bagirke ɗan birnin Sparta mai suna Zantifus ya ja rundunarta ya murƙushe Regulus na Rum a shekara ta 255. Wani sulken ƙirji na tagulla da aka tono a Ksur Essef a 1909, wanda ke gidan tarihin Bardo a Tunis, ƙirar kudancin Italiya ce. Polibiyus ma ya ce Hanibal ya sanya wa sojojinsa na Afirka makaman da ya ƙwace daga Rumawa. Ke nan haɗa kwalkwalin nan da sulken can ba laifi ba ne ga sojan Kartaj.

Ya kai ukun nan kulob ranar Laraba. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, bai ce komai ba, sai ya ɗauko fensir yana nuni: likkafa, sirdi mai tudu gaba da baya, gidan ƙaramar bindiga a kafaɗar doki, naɗin bargo a bayan sirdi, dogon takalmi har gwiwa. Sannan ya ce likkafa ba ta shigo Turai ba sai ƙarni na 6 na Miladiyya, tare da Abarawa, wasu mahaya da suka fito daga Asiya, kusan shekara 800 bayan Zama. Mahayin zamanin Hanibal a kan ƙyalle ko fata yake zama, in ma ya samu.

Daga wuya zuwa sama mutanen Hanibal ne, daga wuya zuwa ƙasa na Napoliyon. An ajiye su gefe.

Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: kankare sirdi

Sirdin a jikin dokin aka zubo shi, ba ɓamɓarewa ake ba. Ya fara da askar aiki yana fiƙewa kamar mai feraye rogo. A dokin farko askar ta zarce ta huda baya, domin dokin roba rabi biyu ne da aka haɗa, cikinsa fanko, kaurin jikin bai fi milimita 1 da rabi ba a wasu wurare. A na biyu ya matsa da ƙarfi, ƙafar gaba da dokin ke tsaye a kanta ta karye daga idon sawu, askar kuma ta sauka a babban yatsansa. Doki biyu sun tafi, saura 24 cif, ba rara.

Daga nan ya sauya hanya. Ya daina ƙoƙarin kare bayan dokin, ya sayi ɗan siririn zarto ya datse tudun sirdin gaba ɗaya, ya bar rami. Ramin ya cusa masa guntayen robar da ke riƙe da sassan a cikin kwali, ya ɗiga gam mai narkar da roba suka zama abu guda, ya bari kwana ɗaya. Washegari ya rufe da foti, wato ƙullun cike rami, mai haɗi biyu, irin wanda ake shafawa da ruwa kuma in ya bushe yake karɓar magagari, ya bi da samfefa. Likkafa da igiyarta, gidan bindiga, da igiyar da ke zagaya gindin wutsiya, duk ya kankare. Majayi ya bar shi, tunda ƙyallen zama ma da majayi ake ɗaure shi. Kowane doki minti 50, ban da jiran bushewa.

Sha biyun da ya ware wa Numidiyawa sun ci ƙarin aiki. Tsofaffin marubuta sun yi ittifaƙi cewa Numidiyawa ba sirdi ba linzami suke hawa, igiya ce a wuyan doki da ƴar tsumagiya a hannu, haka kuma aka sassaƙa mahayan arewacin Afirka a ginshiƙin Tirajan da ke birnin Rum. Dole ya bi fuskar kowane doki ya share linzami, igiyoyin kuwa dab da ido da hanci suke bi. Ƙarin minti 30 kowanne, da gilashin ƙara girma a goshi.

Sauran Nuwamba: ƙafafu, gwaji uku

Gwajin farko, ya kankare takalma da wandunan sojan Napoliyon don su zama ƙafa tsirara. Da aka rage abin da ya kamata a rage, ƙwaurin ya koma kamar tsinken tsire. Ya yi biyu ya bari.

Na biyu, ya ɗauki dakarun ƙasa masu ƙafa tsirara da sulken ƙwauri, ya tsoma su a tafasasshen ruwa don ya ware ƙafafun su hau doki. Wani ne ya gaya masa haka ake yi. Gaskiya ne haka ake yi, amma ga roba mai laushi ko siririn abu kamar mashi. Cinyar soja ta roba mai tauri ta yi kauri: wajenta ya yi laushi, cikinta bai yi ba, ta yi fari a wurin lanƙwasa ta tsage. Ya koma ga na'urar busar da gashi ta matarsa, zafin ya isa cinya amma kafin nan ya narkar da yatsun ƙafa da gefen riga. Dakaru uku sun salwanta, saura 17.

Na uku ya shafi Numidiyawa. Da ya karanta cewa dawakinsu ƙanana ne, ya sayo kwalin dawaki na ma'aunin 1 cikin 72 a kan fam 8. Sun yi ƙanƙanta fiye da kima, kusan kashi 22 cikin 100 ƙasa da nasa, mahayi a kai kamar ƙato a kan jaki. Ga shi robarsu irin ta murfin bokiti ce mai santsi, gam mai narkarwa bai kama ta ba sam, sufa-gulu kuma da an taɓa sai ya ɓalle.

Nuwamba ta ƙare, mako tara da farawa, babu mahayi ko ɗaya da ya kammala. Abin da ya iya yi a daren ƙarshe shi ne yanke soja ɗaya a ƙugu, ya ɗora gangar jikinsa a kan ƙafafun sojan Napoliyon da aka kankare, ya aza a kan doki ba gam, ya bar shi a kan tebur.

Lahadin farko ta Disamba: kiran waya

Yana da al'adar kiran kawunsa ta bidiyo duk Lahadi bayan azahar. Ƙanin mahaifiyarsa ne, ya yi shekaru yana kula da bargar wani hakimi kafin ƙafa ta hana shi. Ran nan wayar a jingine take da kwalbar gam, tsohon ya hango abin da ke kan tebur.

"Kai, mene ne wannan a gabanka kamar kayan wasan yara?"

"Doki ne, Kawu, da mahayinsa. Na mutanen da ne can, ba su san likkafa ba."

"Matso min da shi. Juya shi ta gefe."

Ya juya. Tsohon ya yi shiru, sannan ya yi dariya har da tari.

"Ai wannan da likkafarsa yake zaune, ɗauke ta kawai ka yi. Dubi diddigensa a ƙasa, gwiwa a sama, ya koma can baya kamar mai jiran shayi a kujera. Dokin nan ya zabura sau ɗaya, a ƙasa za ka tsinci mutuminka."

"To yaya ya kamata ya zauna, Kawu?"

"Har ka manta yaran barga in za su kai doki rafi? Ba sirdi, sai ragama. Gaba ake matsowa, dab da inda geza ta ƙare, nan kwarin bayan yake. A saki ƙafa ta zubo. Cinya ke riƙo, ba tafin ƙafa ba. Yatsu kuma ƙasa suke kallo, tunda ba abin da suka taka."

Bayan sun yi sallama ya auna. Mahayinsa ya fi milimita 4 a bayan inda Kawu ya nuna, wanda a jikin dokin gaske ya haura santimita 20.

Da ya ba dattijon kulob labari ranar Laraba, sai ya ce ai Zenofon, Bagirken da ya yi rubutu a kan hawan doki tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya, kusan haka ya faɗa: kada mahayi ya zauna kamar a kujera, ya zama kamar mai tsaye da ƙafafu a ware, daga gwiwa zuwa ƙasa a sake. Mutuminmu ya ce shi abin da ya ba shi dariya, yaƙin sunansa Zama, matsalarsa ma zama.

Disamba zuwa 10 ga Janairu: hanyar da ta ɗore

In mahayin da ba likkafa kamar mai tsaye yake, to sojan ƙasa da ke tsaye ya fi sojan dokin Napoliyon kusa da abin da ake nema. Nan tunanin ya juya. Ya mayar da mahayan Napoliyon cikin kwalinsu gaba ɗaya, ya fuskanci dakaru 16 da suka rage, ya zaɓi waɗanda ƙafafunsu suka fi miƙewa.

Maimakon lanƙwasawa, yanka ya yi. Ya datse kowace ƙafa a gindin cinya da zarto, ya fiƙe cikin cinyar har ta yi kwari daidai da haƙarƙarin doki. Ya huda cinya da ƙugu da ɗan mahuji na hannu mai bakin milimita 0.8, ya zura wayar tagulla mai kauri ɗaya, tsawon milimita 6. Wayar ita ce sirrin, domin tana riƙe ƙafar amma tana bari a motsa ta. Sai ya aza mutumin a kan dokin da zai hau, ba wani ba, ya matse cinyoyin har su rungumi cikin dokin, sannan ya ɗiga gam. Idon sawu ya yi masa ƴar tsaga ta gaba, ya karkata tafin ƙafar ƙasa, ya cike tsagar. Tun daga nan kowane mahayi da dokinsa lamba ɗaya ya rubuta musu a ƙasa, don in aka musanya ba sa zama daidai.

Giɓin da ya rage tsakanin cinya da ƙugu babba ne, a wasu har milimita 3. Ya cike da koren foti, wanda ake murɗa rawaya da shuɗi har su zama kore, mai danƙo kamar cingam. Bai wahalar da kansa wajen sassaƙa naman cinya ba, domin sulken lilin na Girkawa yana da tunkuna masu zubowa daga ƙugu, kamar gezar fata. Ya yanka siraran takarda mai kauri, faɗin milimita 1 da rabi, tsawon 5, ya jera su zagaye da ƙugu suna kwantawa kan cinya, ya shafe su da sufa-gulu suka yi tauri kamar roba. Duk ɓarnar yanka ta shige ƙarƙashinsu.

Ƙyallen zama shi ne ya fi ba shi daɗi. Yakan kwaɓa foti ya bar shi minti 20 danƙon ya ragu, ya sa tsakanin leda biyu ya murza da kwalba har ya yi ƙasa da milimita 1, ya yanka yanki mai kusurwa huɗu, milimita 18 da 22, ya shimfiɗa a bayan doki. Tun yana ɗanye sai ya shafa wa cinyoyin mahayin basilin, ya danna shi a wurin zamansa, ya ɗaga. Fotin ya ɗauki sawun mutumin, gefensa ya ɗan tattare kamar yadda ƙyalle ke yi in an zauna a kai. Bayan awa 24 mahayin yana komawa gurbinsa ɗas, ba hasken da ke ratsawa tsakaninsa da doki. A karon farko ya manta bai wanke basilin ɗin ba, gam ya ƙi kamawa. Daga nan kowane mahayi sai ya sha sabulu da tsohon buroshin haƙori.

Masun roba ya zubar da su tun kafin su karye. Ya yanka wayar tagulla milimita 45, ya daddage bakin da guduma a kan ƙarfe, ya fiƙe da magagari, ya huda dunƙulen hannu ya zura. Garkuwoyin dakarun sun yi wa mahayi girma, sai ya tsince ƙananan cikin jakar, masu faɗin milimita 14.

Na farko ya ci awa uku da rabi. Daga na huɗu ya koma yin su uku-uku, yau yanka da waya, gobe foti, jibi tunkuna, sai lissafin ya sauko kusan awa biyu kowanne. Ranar 10 ga Janairu sha biyun suna tsaye a kan gindinsu mai milimita 25 da 50.

12 zuwa 18 ga Janairu: shafen farko

Ya fesa shafen farko, wato fentin tushe da ake yi kafin launi, a gareji da daddare, sanyi digiri 4, ga danshi. Da safe duk sha biyun sun yi kaushi kamar an barbaɗa musu tsaki, idon kwalkwali da tunkunan duk sun cushe.

Ya gwada man goge farce a kan doki ɗaya. Cikin minti biyu kunnuwan dokin suka yi laushi, gezar ta shafe, domin sinadarin da ke cikinsa yana cin irin wannan roba. Ya tsame shi da sauri, daga baya ya sake masa kunne da foti. Sauran ya jiƙa su a sinadarin isofurofil na goge kayan lantarki, wanda ba ya taɓa robar, ya bi su da buroshi. Awa biyar. Tunkunan takarda uku kawai suka fita.

Karo na biyu ya ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ya girgiza minti biyu, ya fesa da rana daga nisan santimita 25, ya shigo da su cikin gida su bushe. Ya kwanta sumul.

19 ga Janairu zuwa 8 ga Fabrairu: Numidiyawa

Ya bi hanyar nan da dakaru huɗun da suka rage. Sai dai Banumide ba shi da sulke, ba tunkuna, ba ƙyallen zama. Ƴar riga ce iya cinya, ƙafa tsirara tun daga sama, gashi a murɗe, ƙaramar garkuwar fata da masun jifa. Duk wurin da a baya aka ɓoye yanka, yanzu a fili yake. Dole ya kankare sulken ƙirji da na ƙwauri, ya gina riga, ya sassaƙa cinya da gwiwa da hannunsa. Kowanne ya haura awa uku, kuma cinyoyin sun fito kamar doya. Ga dokin sojan Turai na ƙarni na 19, dogo mai faɗin ƙirji, ya yi wa mahayi mara kaya yawa.

Ranar 1 ga Fabrairu ya sayi kwalin Numidiyawa na musamman, mahaya 12 da dawakinsu, fam 27. Ya haɗa su cikin awa huɗu.

Fenti ya tafi ba gardama. Dawakin ya raba musu launi yadda ya san su tun yana yaro, akawal biyu, kili ɗaya na shugaba, sauran aharas da bidi. Fatar Numidiyawa ya fara yi mata baƙi sosai, aka tuna masa cewa kakannin Barbar na Aljeriya da Tunisiya ne, ya sauko da ita wankan tarwaɗa. A garkuwa, yawancin masu wasan alamar gunkiyar Kartaj, Tanit, suke sawa. Shi ya zaɓi doki da itacen dabino, waɗanda ke jikin kuɗin Kartaj na gaske. Shunayya, rinin da Finikiyawa, waɗanda suka kafa Kartaj, suka yi suna da shi, alkyabbar shugaba kaɗai ya yi wa.

Asabar ta ƙarshe ta Fabrairu

An yi wasan mutum takwas, awa biyar. A zagaye na biyu giwa ɗaya ta firgita ta juyo cikin Numidiyawansa. A na uku mahayan Italiya suka afka wa baraden dama, ɗan lido ya ƙi shi sau biyu a jere, aka kore su daga tebur. Kusan haka ta faru a 202, lokacin da Layiliyus, shugaban mahayan Italiya, da Masinisa suka kori dawakin Hanibal, sannan suka dawo suka far masa ta baya. Aikin wata biyar bai yi minti 50 a fage ba.

Ta fuskar ƙira, an ɗauki sha biyun an ajiye ba adadi, ɗaya ma ya faɗo daga tebur zuwa daɓe. Ba mashin da ya karye, ba mahayin da ya rabu da dokinsa, garkuwa ɗaya ce ta ɓalle. Dattijon nan ya sake ɗaukar ɗaya ya jujjuya, ya tambayi sunan kamfanin da ya yi su.

Hukunci

Mutumin yana rubuta lokacinsa a bayan kwali. Jimilla awa 115, daga ciki 47 sun tafi a abin da bai hau tebur ba. Kuɗi ya haura fam 70, alhali sababbin kwali biyu na mahayan zamanin ba za su kai haka ba. Niyyar tsimi dai ba ta cika ba.

A ganina kuskuren farko na zaɓen tushe ne. Ya ɗauka mahayi daga mahayi ake samo shi, sai ya yi mako tara yana faɗa da ƙafafun da aka ƙera don taka likkafa. Kai da garkuwa, da ya fara da su, su ne mafi sauƙi kuma su ne ba sa canza komai. Abin da ido ke fara kamawa daga nisan hannu shi ne inda mutum ya zauna da yadda ƙafarsa ta zubo. Dattijon kulob ya lissafa masa abin da za a cire, kuma daidai ya faɗa, amma cirewar ba ta gyara zaman ba. Wanda ya gyara shi mutum ne da bai taɓa jin sunan Hanibal ba.

Baraden Kartaj sun yi kyau saboda kayansu suna rufa asiri. Tunkuna sun rufe ƙugu, ƙyalle ya rufe bayan doki, sulken ƙwauri ya zo a shirye. Ƙarancin shaidar tarihi ma ya taimaka, tunda ba wanda zai ce ga ainihin kwalkwalin da suka sa. Numidiyawa kuwa siffarsu sananniya ce kuma ba abin fakewa, sai gwanin sassaƙa. Da ya gwada guda ɗaya cikakke daga kowane ɓangare tun Oktoba, kafin ya taɓa doki 24, da ya tsira da awa 16 na share sirdi da linzamin dawakin da ba a hau ba. Ruwan zafi, robar da ba ta shan gam da feshin cikin sanyi duk abu ɗaya ne: shawara ce ta gaskiya da aka yi amfani da ita a inda ba nata ba, kuma kowacce da guntun roba aka gwada ta da an gani cikin minti biyar.

Aibi ɗaya bai gyaru ba. In aka jera rundunonin biyu kafaɗa da kafaɗa, dawakin baraden sun fi na Numidiyawa tsawo da kusan milimita 3, kuma sun fi dokin zamanin Hanibal girma. Ya rage kaurin gindinsu don ya sassauta bambancin, amma mai lura zai gani. Dawaki 12 da aka share wa linzami suna cikin gwangwanin biskit tare da Numidiyawa huɗun nan masu cinyar doya. Ya ce zai yi musu fenti su zama garken sansani, bai sa rana ba.